Fayil ɗin Baba Namgung

Ƙarfe huɗu na yammacin ranar ƙarshe ta Satumba, Pyo Hyeon-suk ta tuɓe takalmanta ta hau tiƙar rawa da safa a tsakiyar ofis. Mace mai shekara hamsin da biyu fa, shugabar cibiyar ba da shawara kan gidajen zama a wata tsohuwar unguwa ta birnin Daegu, wadda masu gidajen haya kan sauya hanya in sun hango ta.

Takarda guda ce ta sa ta rawa, ga ta can a hannun Yeom, abokin aikinta.

Duk wata uku ma'aikatar gidaje kan nemi rahoto: mutum nawa aka gani, ina suke kwana, yaya aka ƙare da kowa. Bana sai wani gwani, wanda ƙafarsa ba ta taɓa hawa matakalar gidan haya ba, ya ƙaro doka. Fayil ɗin da ya shekara biyu a buɗe, na'ura ba za ta karɓi rahoton ba gaba ɗaya. In kuwa shida ta yau ta buga rahoto bai shiga ba, a cire cibiyar daga shirin, Pyo da Yeom su kwashe kofunansu su kama gabansu.

Fayil ɗari biyu da sha ɗaya sun rufe. Saura ɗaya tal, na Baba Namgung.

Tsohon direban tasi ne, ɗan shekara saba'in da shida, yana zaune a ɗakin da ba taga, in ya miƙe ƙafa sai ta daki ƙofa. Ɗaki goma sha ɗaya Pyo ta samo masa, ya ƙi su duka. Wannan ɗakin rana ta yi masa yawa. Wancan maƙwabci na tari. Kuma ba ya zuwa sai Alhamis da tsakar rana, gashi a taje, riga a goge, daidai lokacin da uwar Pyo ke kawo musu abinci. Kwaɗayi dai, in ji Pyo, tsagwaron kwaɗayi.

Makon jiya haƙurinta ya ƙare. "Baba, ko ka zaɓi ɗaki, ko in ɗauke ka cak in kai ka gidanmu in ajiye ka a baranda cikin tulunan kimchi, ka yi tsami tare da kabejin!"

Tsohon ya shafa haɓa ya ce zai yi shawara.

To yau, tana can tana faɗa da wani mai gida, sai ya zo ya bar wa Yeom takardar rufe fayil, a cike, da hatiminsa ja ɗanye. Kamar hakan bai isa daɗi ba, sai ga mai babur da kwano biyu na taliya mai romo, saƙo daga uwarta, alhali ba Alhamis ba ce.

"Taliyar biki ce fa wannan, Shugaba," in ji Yeom. "Wa aka aurar?"

"Tsufa ne ke taɓa Umma. Matar da ta rina gashi baƙi wuluk wai don zuwa kasuwa? Ci kawai!"

Ta zauna gaban na'ura, don murna sau uku tana kuskuren lambar sirri. Yeom ya ture ta ya zauna. Ta ɗauki kwano ta tsaya a bayansa tana zuƙar taliya, shi yana bugawa yana faɗa mata abin da ya ba shi dariya.

"Sakamako: ya samu mazauni na dindindin."

Ta kurma ihu har mai shagon wanki na ƙasa ya leƙo.

"Haya: babu. Mutanen gidan: uku."

"Uku? Ashe yana da dangi ya bar ni ina cinye gwiwoyina a matakala!"

"Tsaya ki ji. Dangantakarsa da mai gidan..." Yeom ya kife kai a tebur. "Miji!"

Saura kaɗan taliya ta fito mata ta hanci. Ta dafa bango tana dariya har da hawaye.

"Wace marar rabo ce ta kwashi wannan kaya? Ita dai ta ji ta gani. Na ukun nan nake tausayi, bawan Allah. Ya tashi da safe a ce masa rana ta yi yawa, ya yi tari a ce ya bar gidan! Tura, Yeom, tura kafin matar ta farfaɗo!"

Biyar saura kwata ya danna. Ɗan ƙwallon jira na allo ya juya, ya juya, ya sake juyawa. Pyo ta riƙe numfashi da sandunan cin abinci a baki.

Allo ya yi kore. An karɓa.

Suka tafa, suka zaga tebur sau biyu, Yeom ya taka mata yatsa ba ta ko zage shi ba. Na'ura ta tofo takardar shaida, Pyo ta ciro hatiminta, ta dangwala a jan tawada tana ƴar waƙa, ta duƙa neman inda za ta buga.

Waƙar ta tsaya.

A takardar, sunan mai gidan Seok Mal-sun, sunan da Yeom bai taɓa ji ba, don shi "Umman Shugaba" kawai ya sani. Adireshin kuwa shi ne wanda Pyo ke rubutawa tun tana aji ɗaya na firamare, kuma bawan Allahn nan na uku da take tausayi, ita ce.