Bangon Kicin ɗin Glenys

Alwyn Probert yana cikin garken tumaki ya hango farar mota tana hawowa ta hanyar gonarsa. Mutumin ya yi sammako, ba haka suka yi da Dilwyn ba. To amma mai zumuɗin aikinsa ai ba abin ƙi ba ne.

Duk rigimar a kan bango ce. Tun da aka kawo Glenys gidan nan tana amarya take so a fasa bangon da ya raba kicin da ɗakin murhu, ko haske ya shigo mata. Shi kuwa Alwyn a jikin bangon kujerarsa take, a nan yake gyangyaɗinsa bayan abincin rana. Amsarsa kullum ɗaya ce: gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, ko ƙusa ba a bugawa sai da izinin hukuma. Da wannan ya daɗe yana kare kansa, har ranar da Glenys ta ajiye cokali ta ce a kira mata hukumar, ta ji daga bakinsu.

"Bar shi a hannuna," in ji Alwyn, ya zarce mashaya wajen abokinsa Dilwyn.

Dilwyn yana da suruki, ƙanin matarsa, ɗan wasan kwaikwayo a garin Hereford. Suka shirya shi zai zo a matsayin jami'in hukuma, ya ce kada a taɓa bangon. "Ba ka san shi ba, Glenys ba ta san shi ba," in ji Dilwyn. "Ka ba shi giyar tuffa kawai, ko bishop kake so zai zame maka."

Ga shi kuwa ya fito daga mota da rigar ruwa da jaka da tocila, fuska a murtuke. Ya miƙa hannu ya ce sunansa Selby. Alwyn ya kashe masa ido ɗaya. Mutumin ya dube shi kamar wanda ƙwaro ya faɗa wa a ido, ya wuce ciki. Alwyn ya jinjina kai, lallai an turo masa gwani.

Selby bai bar ko lungu ba. Ya ƙwanƙwasa bango yana kasa kunne. Ya durƙusa cikin murhun har kafaɗa, ya haska sama, ya fito da toka a gira. Ya shafa wasu zane-zane da aka karta a jikin katakon da ke bisa murhun, ya daɗe yana kallon su. Karen gidan ya dame shi da haushi, dole Alwyn ya fita ya ɗaure shi. Da ya dawo, Selby yana karkaɗe gwiwa.

"Wannan murhun," in ji shi, "ba mai taɓa shi."

Alwyn ya ja dogon numfashi irin na wanda aka yi wa rasuwa. "Kin dai ji da kunnenki. Ni da na so a yi miki."

"Na ji," in ji Glenys. "Mista Selby, a ƙara maka shayi?"

Ko ɓacin rai babu a fuskarta. Alwyn ya ce a ransa mace mai haƙuri ke nan, har ya ɗan ji tausayinta.

Da ya fito rakiya, daɗi ya kwance masa harshe. Suka zo daidai tsohon rumbun ciyawa, wanda tare da gidan aka sa shi a rajista. Alwyn ya waiwaya, ya ga Glenys ba ta biyo su ba, ya ja hannun baƙon.

"Zo ka ga abin dariya."

Ya nuna masa inda wani ƙaton gungumen katako ya taɓa ratsa bakin ƙofar rumbun. Yanzu sai guntaye biyu, ɗaya a kowane gefe. Sabuwar tarakta ce ta ƙi shiga, shi ne bara ya ɗauko zarto ya yi mata hanya. Tsohon ƙyauren mai sassaƙa kuwa, ga shi can ya tare wa rago hanya da shi.

"Da izini?" in ji Selby.

Alwyn ya yi dariya har da tari. "Kai, ka iya! Ko a nan ma ba ka sauke rigar ba?"

Selby ya fito da kyamara ya fara ɗaukar hoto. Alwyn ya gyara hula, ya je ya tsaya ƙarƙashin guntun katakon, ya dafa taraktar yana washe baki, don hoton ya fi kyau.

A bakin mota ya miƙa masa tulun giyar tuffa. Mutumin ya ce ba ya karɓar komai a bakin aiki, kuma za a ji daga gare su ba da jimawa ba.

"Madalla. Ka gaishe min da surukinka."

Selby ya buɗe ƙofar mota. "Zai ji," ya ce, ya ja motarsa.

Alwyn ya koma gida yana fito. A ƙofar ɗaki fiton ya maƙale. An jawo kujerarsa tsakiyar ɗaki, Glenys na bisa tebur tana sauke farantan ado daga jikin bango.

"Ke, me kike yi haka?"

"Murhu ya ce kar a taɓa. Bangon kuwa, da ka fita ɗaure kare ya ce bulo ne na zamanin babanka. In nemi izini, ba zai hana ba."

"Ai maganar wannan mutumin ba..." Alwyn ya haɗiye sauran.

Glenys ta miƙo masa faranti ya riƙe mata, ta juya ta ciro na gaba.

"Af, na manta ban gaya maka ba. Matar Dilwyn ta fesa min komai tun makon jiya, na ce ta gaya wa ƙaninta kada ya wahalar da kansa. Wannan da ya zo, ni na kira shi daga hukuma."