Ruwan Allona a Bakin Inna

Har yau in na ji ƙamshin tawadar baƙin tukunya da ƙaro, sai in tuna wata la'asar a ƙauyenmu na wajen Dakoro, tun Nasara bai shigo ƙasar ba.

Sura guda ta tsare ni tun kaka, sa'o'ina duk sun wuce. Ga Baba ya ce in damina ta faɗi ban wuce ta ba, sai in bi shanu arewa, karatu ya ƙare.

Ran nan na durƙusa gaban Malam a gindin aduwa, na kife allo, na biya da ka. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshen surar. Malam ya dube ni ya ce, "Tashi ka wanke allonka."

Wayyo daɗi! Na wanke cikin ƙoƙo, don ruwan allo ba a zubar da shi ƙasa, mai karatun ke shanyewa. Ni kuwa sai na ruga gida da shi.

Na iske Inna tana daka. Na ce, "Inna, na wanke! Ungo, sha!"

"Kai ɗan nan, ba naka ba ne?"

"Ke za ki hwara."

Ta aje taɓarya, ta yi bisimilla, ta kurɓa. Leɓenta ya yi baƙi, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta ce, "Yau ni ma karatu ya shiga cikina!"

Na tsufa ina rubutu, amma ban sake ganin inda tawada ta yi kyau kamar bakin Inna ba.