Tsagar Inna Kulu

Tun da aka kafa dokar gyaran hoto, babu hoton da ke fitowa sai na'ura ta gyara fuskar mai shi. Sallau mai hoto a Sabon Birni ya daina zaɓar komai, maɓalli kawai yake dannawa.

Da hantsi Inna Kulu ta shigo shagonsa cikin sabuwar atamfa. Jikarta da ke aure a Kano ta haihu, tana son hoton kakarta ta rataya a ɗaki, jaririn ya tashi yana ganinta.

Sallau ya ɗauka. Takarda ta fito da wata mace fara sol, kumatu sumul.

"Wannan 'yar gidan wa ce?" in ji Inna.

"Ke ce, Inna."

"Ina tsagata ta Gobir?"

"Na'ura tabo take ɗaukar ta. In na bar ta, rufe mini shago za a yi."

Inna ta ɗaga kai ta dubi hotunan da ke bango. Duk 'yan unguwarsu ne, amma ko mutum ɗaya ba ta gane ba.

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro tandun kwalli. Ta ɗora hoton a cinya, ta ja tsagar layi bayan layi, daga bakin leɓe har kunne.

"Inna, masu bincike za su gani a tasha in za a kai shi Kano," Sallau ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Su gani mana." Ta shafa kuncinta. "Mai son gogewa ya zo ya fara da wannan."