Batirin Motar Auta

Safiya ta uku ke nan Auta yana murɗa makulli, motar tana yi masa ƙyas ƙyas kamar an shaƙe kaza. Batir ya sake mutuwa.

Ya saci kallon ƙofar gida. Inna, mahaifiyarsa, tana tsaye tana shafa man zafi a manyan yatsunta, ta dawo daga zagayen harabar da likita ya ɗora mata kowace asuba.

"Mota ce ko jinya?" in ji ta. "Kira maƙwabta su tura ka."

Shekarar Auta arba'in da biyar, da furfura a gemu da 'ya'ya mata biyu, amma idan Inna ta yi gyaran murya har yau shiga taitayinsa yake yi. Ita ce ta yanke hukunci ranar da sakamakon jarrabawar yaran ya zo a karkace: akwatin gem ɗin da ya saya musu, na wasa a talabijin, ya bar gidan, kada ta ƙara ganinsa. Ya ce to. Ya ce ma ya kyautar.

Ƙarya yake yi. Yaran sun haƙura cikin kwana biyu, uban ne ya kasa. Sai ya kai motarsa wurin mai wayarin, aka ɗaura inbata mai juya wutar batir ta zama irin ta gida a but, wurin kaya na bayan mota, aka ɓoye akwatin gem ɗin a gefenta. Aka ja jar waya mai kauri ta ƙarƙashin kafet, aka sa mata fiyus, aka maƙala ƙaramin talabijin a bayan kujerar direba, aka lulluɓe shi da tsohon tawul. Kullum idan ya tashi daga ofis sai ya faka a inuwa, ya koma kujerar baya, ya ture matashin da Inna ke jingina da shi idan za a kai ta asibiti, ya yi tseren mota na rabin awa. Injin yana kunne, kamar yadda aka gargaɗe shi.

To me ke shanye batirin? Idan aka ci gaba da turi kowace safiya, wata rana Inna za ta ce a buɗe but ta gani da idonta. Ita ba ta san kan mota ba, amma ta san kan ɗanta, kuma mukullan gidan nan kaf har da na ajiya na motar suna rataye a ƙusa ɗaya a ɗakinta.

Ya koma wurin mai wayarin a fusace.

"Malam, ka cuce ni. Aikinka yana zuƙe mini wuta."

Mai wayarin ya gwada nan, ya gwada can, ya goge hannu a wando. "Yallaɓai, aikina lafiyarsa lau. Ni dai kai tsaye na ɗauko wuta daga batir, ko mota a kashe abin zai kama. Akwai wanda ke wasa ba tare da ya tayar da inji ba. Kuma ba ɗan wasa kaɗan ba."

Auta ya tsare 'ya'yansa a bayan gida, yana magana ƙasa-ƙasa. Suka rantse har da hawaye. Bai yarda ba, domin wani ya shafe bajintarsa daga saman allon gem ɗin, ya bar shi a na biyu. Da hutu ya zo ya tura su gidan gwaggonsu, ya kwanta da murmushi. Washegari, ƙyas ƙyas.

Ya kalli matarsa, ta ce idan ya ƙara yi mata irin wannan kallon za ta je ta gaya wa Inna abin da ke ƙarƙashin tawul. Ashe ita ma ta sani.

A ƙarshe mai wayarin ya cire wayar, ya bi da ita ta makunni, yadda inbata ba za ta kama ba sai injin yana ruri. Da safe Auta ya murɗa, mota ta tashi bugu ɗaya. Kwana biyu a jere haka. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce asiri ya rufu.

Sai dai Inna ta sauya. Zagayen asuba ya koma minti biyar, ta shiga yi wa kowa faɗa, har kyanwa ba ta tsira ba. A rana ta uku ya fito zai tafi aiki ya tarar da ita jingine da motar, fuska ba annuri.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Wane sakarai ne ya taɓa wayar nan?"

Ya fara haɗa rantsuwa, ta ɗaga masa hannu.

"Riƙe ƙaryarka, ta yi maka amfani a ofis. Ko ka koma wurinsa ya mayar da ita yadda take, ko ka zauna yanzu ka koya mini tayar da injin nan. Tsere ɗaya ya rage mini in ɗauki kofi."