Wasan Awa Bakwai

Saura kaɗan ta fasa rubuta amsar. Wani babban kamfani zai sayi wasan bidiyon da su tara suka gina, muddin suka tsawaita shi daga awa bakwai zuwa ɗari.

"Ki amince kawai," in ji yayanta. "Wa ke sayen matsakaicin wasa yanzu? So kike mu rufe ofis?"

Ta waiwayi babansu da ke gefe yana buga wasan nasu, direban bas, wanda aiki bai taɓa barinsa ya ga ƙarshen wani wasa ba. Wasan ya ƙare, sunayensu su tara na hawa allo, yana share ido.

"'Yar nan, na gama shi!"

Ta rubuta: "Ko minti ɗaya ba za mu ƙara ba."

Washegari ta buɗe ofis, ta goge kujeru tara.