Wayar Da Aka Ja Tsakanin Gona Da Shanu

Akwai wani manomi da gonarsa ke bakin burtali. Tun zamanin kakansa, in an gama girbi makiyaya kan shigo da shanunsu su ci kara, su bar masa taki. Ba a taɓa rubuta wannan a takarda ba, wataƙila shi ya sa ya daɗe. Wata shekara shanu suka shigo tun dawa tana tsaye. Aka yi cacar baki, aka ɗaga sanda, daga sanda aka kai ga abin da ya fi sanda, har aka haƙa kaburbura a gari da ruga. Sai ga baƙi daga ƙetaren teku cikin fararen motoci, da tafintansu da ruwan gorarsu. Mutanen kirki ne, kuma a faɗi gaskiya, su suka tsayar da jinin. Kwana uku ana zaman sulhu a ƙarƙashin rumfa. Sun tambayi kowa abin da ɗan'uwansa ya yi masa, amma ba su tambayi kowa abin da yake samu a wurin ɗan'uwan ba. Manomin ya so ya kawo zancen taki, sai ya dubi takalman baƙin, ya ga kashin shanu ba maganar da za a yi a gabansu ba ce. Aka ja waya mai ƙaya tsakanin gonaki da burtali, aka yi musabaha, aka ɗauki hoto, baƙi suka kama hanya.

Sulhu kam ya riƙe. Ko kofato ɗaya bai sake taka gonar ba. Daminar farko dawa ta yi dama-dama. Ta biyu ta fito siririya, ƙuduji ya cika gona. A ta uku, rumbun da ya saba kai gidan har kaka ya ƙare tun ba a yi shuka ba. Bayan ɗan girbin da ya samu, manomin yana tsaye a bakin waya da hantsi, sai ga wani makiyayi da ya taɓa fasa masa kai a rikicin nan yana koro shanu, duk haƙarƙarinsu a waje. Suka daɗe suna kallon juna. Can makiyayin ya ce, "Kaɗo, karan nan naka ado kake yi da shi?" Manomi ya ce, "A'a, jira nake shanunka su koyi tsallake." Ya koma gida ya ɗauko gatari, su biyu suka tumɓuke turaku biyu. A tsaye suka yanke magana: saniya ba za ta shiga ba sai an ɗaure dami na ƙarshe, kuma manomin da kansa zai aika a shigo. Wayar ma ba ta tashi a banza ba, matan gari suna shanya a kanta.

Baƙo kan taya ka kashe gobara, a gode masa. Amma Hausawa sun riga sun faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.