Hayaƙi a Bakin Jikana

"Tsayar da shi nan!" in ji ɗana Alhaji, yana nuna tele da carbi.

Jikana ne a ciki, ɗansa wanda ya tafi karatu Sikotilan, ƙasar sanyin nan. Masu shirya fim sun saka shi cikin masunta a wani ƙauyen bakin teku, rabin Zongo kuwa sun cika mana falo don kallo. Sai ga hayaƙi fari fat yana fita daga bakinsa.

"Taba ce, Inna. A gabanki ya rantse ba zai sha ba."

"Ina karan sigarin?"

"Ya ɓoye a baya. Dubi abokansa, duk mashaya ne. Karatu ya ƙare, ya dawo Kwatano ya bi kamiyo, ya zama yaron mota."

Ni ma fa zuciyata ta fara rawa. Na ce a saki fim ɗin mu gani.

Masuntan suka wuce. Wata tunkiya mai gashi buya-buya ta leƙo ta bayan katanga, ta yi kuka, hayaƙi ya turnuƙe daga bakinta.

Na gyara mayafina.

"To, Alhaji, ita ma sai a kira ubanta ya mayar da ita gida."